Mai juna biyu a aikin hulɗa da jama'a: shin za a iya janye ta daga gaban abokan ciniki?

Malama, na karanta tambayarki a tsanake. Kin ce aikinki shi ne kula da abokan hulɗar kamfani, ke kike tarbarsu, ke kike zuwa wajensu, kuma wani kaso na abin da kike samu kamasho ne daga cinikin da ya biyo ta hannunki. Yanzu kina da juna biyu na kusan wata uku, ba ki sanar da kowa a wurin aiki ba, kuma kina fargabar cewa da zarar cikin ya fito za a janye ki daga gaban jama'a, a rarraba manyan abokan hulɗarki ga wasu, ko ma a fara neman hanyar rabuwa da ke. Kina so ki san ko doka ta yarda da haka, da lokacin da ya dace ki yi magana, da matakin da za ki ɗauka idan abin da kike tsoro ya auku. Ina taya ki murna, Allah ya raba lafiya. Zan amsa miki ne daga ɓangaren da na sani, wato dokokin ƙwadago da yadda ake tafiyar da al'amuran ma'aikata.

Fargabarki tana da tushe, kuma bai kamata wani ya ce miki tunani ne kawai irin na masu ciki ba. A Birtaniya, ƙasar da ke da tsauraran dokoki a kan wannan batu, hukumar kula da daidaito da haƙƙin ɗan Adam ta fitar da sakamakon wani babban bincike a 2016 bayan an tattauna da iyaye mata sama da dubu uku. Kashi 77 cikin ɗari sun ce sun ga wani abu maras daɗi a wurin aiki lokacin goyon ciki, ko lokacin hutun haihuwa, ko bayan sun koma. Kashi 11 cikin ɗari kuma an sallame su, ko an soke gurbinsu su kaɗai, ko an takura musu har suka bar aikin da kansu, abin da hukumar ta ƙiyasta zai iya kai mata 54,000 a shekara. Idan haka lamarin yake a inda ake da kotunan ma'aikata masu ƙarfi, mace a ko'ina tana da dalilin yin shiri.

Abin da nake so ki fi riƙewa shi ne, a irin aikinki wariya ba kasafai take zuwa da takardar kora ba. Yawanci da fuskar tausayi take zuwa. Manaja zai kira ki ya ce ya lura kina gajiya, don haka ya ba wane manyan abokan hulɗa biyu don ki huta. Za a shirya tafiya zuwa wajen wani babban abokin ciniki a tafi ba ke, idan kin tambaya a ce ai ba a so a wahalar da ke. Za a mayar da teburinki ciki, a ce can ya fi sanyi da natsuwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, idan aka dube shi shi kaɗai, kamar kyautatawa ne, kuma sau da yawa mai yin sa ya yi imani kyautatawar yake yi. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007 ya nuna wannan fuska biyu a fili: an tura mata shagunan sayar da kaya, wani lokaci da cikin roba a ƙarƙashin tufafinsu, wani lokaci babu. Idan suka shiga a matsayin masu sayayya, cikin yana jawo musu fara'a da tarairaya fiye da kima, idan kuma suka shiga a matsayin masu neman aiki, cikin nan dai shi ke jawo musu ɗaure fuska da gajeriyar amsa. Tarairayar da ɗaure fuskar daga zato ɗaya suka fito, cewa mace mai ciki abar lallaɓawa ce, ba wadda za a ɗora wa nauyi ba.

Dalilin da ya sa wannan ya fi yi wa mai aiki irin naki illa shi ne abokan hulɗa su ne jarinki. Ma'aikacin da ke lissafi a cikin ofis, idan ya yi wata huɗu ba ya nan, zai dawo ya tarar da littattafansa inda ya bar su. Ke kuwa abin da kika tara amana ce tsakaninki da mutane, kuma amana tana bin wanda ake gani ne. Abokin hulɗar da aka miƙa wa wani ba tare da an faɗi ranar dawo da shi ba, cikin 'yan watanni zai saba da sabon hannu, kamashonsa ya koma can, a ƙarshen shekara alƙaluman cinikinki su faɗi, sannan a ɗauki waɗannan alƙaluman a ce su ne hujjar hana ki ƙarin girma ko sabunta kwantiragi. A lokacin babu wanda zai ambaci ciki, takardu ne za su nuna aikinki ya yi ƙasa. Da yawa daga cikin matan da suka rasa matsayinsu ta wannan hanya suka rasa shi, kuma sun yi godiya a ranar da aka fara rage musu aikin.

Saboda haka ga ma'aunin da za ki riƙa auna duk wani canji da shi: wa ya nemi canjin, kuma a kan me aka gina shi? Idan ke kika nema, ko likitanki ya rubuta cewa tsayuwa mai tsawo ko doguwar tafiya ba ta dace da ke ba a yanzu, wannan sauƙaƙawa ce, kuma haƙƙinki ce a ƙasashe da dama. Idan kuwa shugabanki ne ya zauna ya yanke, ba tare da ya tambaye ki ba, cewa mai ciki ba za ta iya kaza ba, ko ba ta dace a gan ta a wuri kaza ba, kuma hukuncin ya rage miki kuɗi ko matsayi ko damar ci gaba, to wannan shi ne ainihin abin da doka ke kira nuna bambanci, komai kyan niyyar da aka yi shi da ita. Kotuna ba sa tambayar ko manaja mugu ne, abin da suke tambaya shi ne ko da za a yi mata haka in da ba ta da ciki.

Game da doka, ba ki faɗi ƙasar da kike aiki ba, don haka zan fara da ma'aunin da duniya ta amince da shi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fara kafa yarjejeniya kan kare masu haihuwa tun a 1919, shekarar da aka kafa ta, ta sabunta ta a 1952, sannan ta fitar da wadda ake aiki da ita yanzu a 2000, wato Yarjejeniya ta 183. Wannan yarjejeniya ta tanadi hutun haihuwa na aƙalla mako 14, wanda mako shida daga ciki na dole ne bayan haihuwa, da kuɗin da bai gaza kashi biyu cikin uku na abin da mace ke samu ba. Sashe na 8 ya haramta korar mace lokacin goyon ciki, ko lokacin hutu, ko wani ɗan lokaci bayan ta dawo, sai dai in dalilin bai shafi ciki ko haihuwa ko shayarwa ba, kuma ya ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin tabbatar da hakan, ba ita ba. Sashen ya kuma ba ta haƙƙin komawa gurbinta ko makamancinsa a kan albashi ɗaya. Sashe na 9 ya hana a tilasta wa mai neman aiki gwajin ciki, in ban da ayyukan da ke da haɗari ga uwa ko ɗa. Haka nan sashe na 11 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1979 kan kawar da wariya ga mata ya buƙaci ƙasashe su haramta kora saboda ciki ko hutun haihuwa.

Sai dai yarjejeniya ba ta aiki da kanta, kuma ba kowace ƙasa ce ta rattaba hannu a kan ta 183 ba. Abin da zai tsaya miki a gaban alƙali shi ne dokar ƙasar da kike, da takardar ɗaukarki aiki, da kundin dokokin ma'aikata na kamfaninku. Bambancin da ke tsakanin ƙasashe kuwa babba ne. A Amurka dokar 1978 ta sanya wariya saboda ciki cikin wariyar jinsi a wuraren da ke da ma'aikata 15 ko fiye, wata sabuwar doka da ta fara aiki a watan Yunin 2023 kuma ta wajabta wa masu ɗaukar aiki su yi wa mai ciki sauƙin da ya dace, amma hutun mako 12 da dokar tarayya ta 1993 ta bayar ba na albashi ba ne. A Birtaniya dokar daidaito ta 2010 ta ware ciki da haihuwa a matsayin dalilin da ba a yarda a cutar da ma'aikaciya saboda shi ba. A Nijar hutun mako 14 ne. A Ghana dokar ƙwadago ta 2003 ta ba da mako 12 da cikakken albashi. A Najeriya sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba da mako 12 da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida a aiki, ya kuma hana a ba ta takardar sallama tana cikin hutun, sai dai ma'anar ma'aikaci a wannan doka ba ta haɗa da masu muƙaman gudanarwa da ƙwararru ba, shi ya sa irin waɗannan suka fi dogara da kwantiraginsu da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Na kawo wannan ne don ki ga cewa dole ki karanta taku dokar da idonki, ko ki sa lauya ko jami'in ƙungiyar ƙwadago ya karanta miki, tun kafin a sami matsala.

Yanzu ga hujjar da ta keɓanta da aikinki, wadda kusan tabbas za ki ji ta idan aka so janye ki: "Mu ba mu da matsala, abokan ciniki ne ba za su so ba." Wani lokaci a ce kamannin kamfani ake karewa, wani lokaci a ce kayan aikin da ake sawa ba za su shige ki ba, wani lokaci a ce wani babban abokin hulɗa ya nemi a ba shi wanda ba zai tafi hutu ba. Wannan tsohuwar hujja ce, kuma kotuna sun daɗe da yin watsi da ita. A 1971 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta saurari ƙarar da aka shigar kan kamfanin jiragen sama na Pan Am, wanda ya ƙi ɗaukar maza aikin kula da fasinjoji da hujjar cewa fasinjoji sun fi son mata. Kotun ta ce son ran abokan ciniki ba zai halatta wariya ba, domin irin wannan son rai shi ne abin da aka kafa dokar don a kawar. Ƙa'idar ta shafe ki kai tsaye: abin da doka ta hana kamfani ya yi da kansa, ba zai zama halal don wani daga waje ya nemi a yi ba. A ganina ma, mafi yawan lokuta babu wani abokin ciniki da ya yi ƙorafi. Manaja ne yake ɗora nasa tunanin a bakin mutanen da ba a tambaya ba. Idan aka faɗa miki haka, ki nemi a gaya miki cikin ladabi wane ne ya yi ƙorafin, yaushe, kuma me ya ce game da aikinki. Batun tufafi kuwa ba hujja ba ce sam, domin samar da kayan aiki daidai jikin ma'aikaci nauyin wanda ya wajabta sa su ne.

Akwai wata damuwa ta kamfani wadda ita gaskiya ce, kuma adalci ne a faɗe ta. Za ki yi watanni ba kya nan, abokan hulɗa kuma ba za su dakatar da harkokinsu su jira ki ba, don haka dole wani ya riƙe su. Wannan ba wariya ba ce, tsarin aiki ne. Inda ake ƙetare iyaka shi ne a fara miƙa su tun kina wata huɗu alhali kina aikinki lafiya, ko a miƙa su ba tare da maganar dawowa ba, ko a ce tunda riƙon ƙwarya yana da tsada gara a sauya ki gaba ɗaya. Kotun Tarayyar Turai ta yanke a 1990, a wata shari'a da ta taso daga Holand, cewa ƙin ɗaukar mace aiki saboda tana da ciki wariyar jinsi ce kai tsaye, kuma asarar kuɗin da mai ɗaukar aiki zai yi lokacin hutunta ba ta zama uzuri ba. Fahimtar wannan bambanci zai amfane ki ƙwarai, domin idan kika riga su magance damuwar ta gaskiya, kin ƙwace musu abin da za a fake da shi.

Kafin ki buɗe baki ki sanar, ki yi wani aiki a natse. Ki tattara shaidar matsayinki a yau: sakamakon tantance aikinki na baya, jerin abokan hulɗar da ke hannunki, alƙaluman cinikinki da kamashonki na watannin da suka wuce, saƙonnin yabo daga shugabanni ko abokan ciniki, da duk wani alkawarin ƙarin girma ko horo da aka yi miki a rubuce. Amfanin wannan shi ne, idan bayan sanarwa aka wayi gari ana cewa aikinki ya lalace, akwai abin da zai nuna yadda ake kallonki mako guda kafin a san kina da ciki. Ki kiyaye abu ɗaya a nan: kada ki kwashi bayanan sirri na abokan ciniki ko na kamfani zuwa wayarki ko imel ɗinki na kanki, domin wannan laifi ne da zai iya zama dalilin kora na halal, ya kuma rusa ƙararki. Ki tsaya a kan takardun da suka shafe ki, waɗanda dama an ba ki.

Batun lokacin sanarwa, babu wata doka da na sani da ke tilasta wa mace ta faɗa a makonnin farko. Mata da yawa suna jira a wuce mako 12 saboda a cikinsu ne haɗarin ɓari ya fi yawa, kuma wannan dalili ne mai ƙarfi. Dokoki dai suna sa wa'adin ƙarshe ne saboda hutu: a Birtaniya, alal misali, sai an sanar aƙalla mako 15 kafin makon da ake sa ran haihuwa, a Amurka kuma kwana 30 kafin fara hutun. Amma shawarata ita ce kada ki ja lokaci har cikin ya sanar da kansa. Kariyar doka a aikace tana farawa ne daga lokacin da za ki iya tabbatar da cewa mai ɗaukarki aiki ya sani. Idan aka gane ta hanyar raɗe-raɗi, aka ɗauki mataki a kanki, za a iya rantsewa cewa ba a san komai ba, kuma zai yi wuya ki ƙaryata. A aikin da kullum ido ke kanki, raɗe-raɗi ba ya jimawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan kuma laulayi yana sa ki makara ko fita daga taro, ko aikin yana da abin da zai iya cutar da ke, to sanarwa da wuri ta fi, don kada a rubuta miki gargaɗi a kan abin da yake da dalilin lafiya.

Ki fara gaya wa shugabanki na kusa baki da baki, don girmamawa, kada ya ji a bakin wani. A ranar kuma ki bi da saƙon imel zuwa gare shi da sashen kula da ma'aikata, mai ɗauke da kwanan wata, da lokacin da ake sa ran haihuwa, da cewa kina da niyyar ci gaba da dukan ayyukanki har zuwa hutu, da cewa za ki dawo. Kada ki shiga da ban haƙuri kamar wadda ta yi laifi. Ki shiga da tsari a hannu: ga ranar da nake ganin ya dace a fara gabatar da mai riƙon ƙwarya, ga wanda nake ganin ya dace da kowane abokin hulɗa, ga yadda za mu yi 'yan makonni muna zuwa tare, ga kuma ranar da za su dawo hannuna. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce mafi muhimmanci a duk takardar, kuma ita aka fi mantawa. Ki nemi a amince da ita a rubuce, da sunayen abokan hulɗar ɗaya bayan ɗaya. A zaman nan ne kuma za ki tayar da maganar kuɗi: cinikin da kika ƙulla kafin hutu amma kuɗinsa ya shigo kina gida, kamashonsa na wa ne? Adadin cinikin da aka ɗora miki na shekara, za a rage shi daidai da watannin da ba kya nan? Idan ba a rage ba, an shirya miki faɗuwa tun kafin ki tafi. Kuma albashin hutun, a kan tsurar albashi za a lissafa shi ko har da matsakaicin kamasho? Waɗannan tambayoyi sun fi sauƙin warwarewa yanzu da kowa ke fara'a fiye da bayan an haihu.

Su kuma abokan hulɗar, ki nemi a bar ki ki sanar da su da kanki, a lokacin da kuka amince da shi da shugabanki. Wanda ya ji daga bakinki cewa za ki yi hutu daga wata kaza zuwa wata kaza, ga wanda zai kula da shi, kuma ke za ki dawo, zai ɗauki mai riƙon a matsayin na wucin gadi. Wanda kuwa aka aika wa saƙo kawai cewa an sauya masa jami'i, zai ɗauka kin tafi ke nan. Ba dole ba ne ki yi musu bayanin lafiyarki. Idan wani ya yi miki maganar da ba ta dace ba game da jikinki, ko ya kai hannu, ko ya riƙa tambayar ko za ki iya, ki mayar da zancen kan aiki, sannan ki rubuta wa shugabanki abin da ya faru. Kare ma'aikaci daga cin zarafin abokin ciniki nauyin kamfani ne, kuma maganinsa a ja wa mai laifin kunne. Idan aka ce maganin shi ne a ɓoye ki, an hukunta ki ne a kan laifin wani.

Ina kuma roƙonki kada tsoron a ce kin gaza ya sa ki cutar da kanki. Na san matan da ke irin wannan aiki sukan ninka ƙoƙari, su ƙi zama, su fasa zuwa awo don kada a rasa su a taro. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas kafin haihuwa, kuma babu abokin cinikin da ya kai a fasa ɗaya daga ciki dominsa. Kujera a wurin tarbar jama'a, ɗan hutu don shan ruwa ko zagayawa, sauya lokacin taro, mayar da wasu ziyarce-ziyarce zuwa waya ko bidiyo, duk ƙananan abubuwa ne da ba sa rage ingancin aiki. Idan aikin yana da tafiya ta jirgin sama, ki sani yawancin kamfanonin jirage ba sa ɗaukar mai ciki bayan mako 36, wasu kuma suna neman takardar likita tun kafin nan, don haka ki tsara manyan tafiye-tafiyenki da wuri. Duk abin da za ki nema, ki sa likita ya rubuta shi dalla-dalla, ya faɗi abin da ba za ki yi ba da kuma abin da za ki iya. Takardar da ta ce kawai "a rage mata aiki" tana iya zama ƙofar da za a bi a kwashe komai.

Idan duk da haka kika ga alamu, kamar a daina gayyatarki tarukan da kika saba halarta, ko a fara samun laifi a aikin da jiya ake yabo, ko a riƙa tambayarki ko da gaske za ki dawo, ki buɗe littafi na kanki a gida ki riƙa rubuta kwanan wata, da abin da aka ce, da wanda ya ce, da waɗanda ke wurin. Duk hukuncin da aka sanar da ke da baki, ki mayar da shi rubutu ta hanyar aika saƙo mai taushi: "Don in tabbatar na fahimta, a zamanmu na yau an ce za a mayar da abokin hulɗa kaza hannun wane daga ranar kaza. Ina so in bayyana cewa ban nemi haka ba, kuma a shirye nake in ci gaba da riƙe shi. Zan so in san dalili." Sau da yawa wannan saƙo kaɗai yana isa a janye matakin, domin manajan da ya yi abu da ka yakan sake tunani idan aka nemi ya rubuta dalilinsa. Idan bai isa ba, ki shigar da ƙorafi ta hanyar da kundin ma'aikata ya tanada, ki kuma tuntuɓi ƙungiyar ƙwadago, ko ofishin ƙwadago na gwamnati, ko lauya. Ki tuna cewa sashen kula da ma'aikata, duk kirkin mutanen cikinsa, kamfani yake yi wa aiki.

Abu biyu ne ba na so ki yi cikin fushi ko gajiya. Kada ki rubuta takardar ajiye aiki, ko da an ce miki hakan ya fi mutunci, domin wadda ta tafi da kanta hujjarta ta fi wuyar kafawa fiye da wadda aka kora. Kuma kada ki sa hannu nan take a kan wata takarda ta sauya muƙami, ko rage sa'o'i, ko rabuwa cikin lumana. Ki ce za ki tafi da ita ki karanta, ki kuma nuna wa wanda ya san doka. Ki lura da wa'adin kai ƙara, domin gajere ne a wurare da yawa: a Amurka kwana 180 ne a ƙa'ida kafin a kai koke hukumar da ke kula da daidaito a wurin aiki, ko da yake yana kai 300 a wasu jihohi. Mace mai jego tana iya ganin watanni sun wuce ba ta ankara ba, shi ya sa ya kamata ki san wa'adin ƙasarku tun yanzu.

Kin ambaci tsoron kada a ƙi sabunta miki kwantiragi, kuma nan ne kariya ta fi rauni a aikace, domin kamfani zai ce wa'adi ne ya cika kawai. Duk da haka ƙin sabuntawa saboda ciki wariya ce a dokoki da dama, kuma Kotun Tarayyar Turai ta yanke a 2001 cewa kariyar mai ciki ta shafi har wadda aka ɗauka na ɗan lokaci, ko da ba ta faɗi tana da ciki ba lokacin ɗaukarta. Abin da ke tabbatar da irin wannan ƙara shi ne kwatance: an saba sabunta miki a baya, an sabunta wa abokan aikinki da cinikinsu bai kai naki ba, gurbin yana nan har an ɗauki wani, kuma abin da ya canja tsakanin bara da bana shi ne sanarwarki. Idan ranar ƙarewar kwantiraginki ta faɗo kusa da lokacin haihuwa ko cikin hutu, ki tayar da maganar sabuntawa a cikin takardar tsarin miƙa aikin, ki nemi amsa a rubuce kafin ki tafi hutu.